Tukunyar Dubu Huɗu da Ɗari Huɗu da Arba'in da Huɗu

Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa zama na ƙirga abin da ya wuce ɗari da ɗaya ba. Ban shiga aji ba, ban riƙe alli ba, sunana ma da babban yatsa nake sa shi a takarda. Amma shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu a cikin tukunya, a ƙarƙashin gadona a nan Dutsen Alhaji da ke Abuja, kuma duk matar da ta zauna kan tabarmata ta san da haka.

Ƙwallon tsamiya ne. Akwai wani salati da muka gada, wanda ake yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙafa dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu a zama guda, idan wani abu ya tsaya wa mutum a wuya: mai naƙuda ta daɗe, ko yaro ya gama karatu aiki ya ƙi samuwa, ko maigida ya kwanta. Mutum ɗaya ba zai iya shi a zama ɗaya ba, sai an taru. Carbi kuwa ba ya kai wannan nisa ba tare da an rikice ba. Don haka a garinmu, can ƙasar Katsina, uwata ta tara ƙwallon tsamiya daidai adadin. Kowace mace ta ɗebi nata a cinya, in ta yi salati ɗaya ta jefa ƙwaya ɗaya a ƙwarya. Ƙwallaye suka ƙare, salati ya cika. Uwata takan ce adadi kamar haƙoran makulli ne, in ka rage ɗaya ko ka ƙara ɗaya, ƙofa ba ta san ka ba. Da ta rasu 'yan'uwana suka raba tasoshi da zannuwa, ni na ce a bar min jakar ƙwallon. Dariya suka yi min. Da ɗana ya kama tuƙin mota a tashar Jabi ya ce in dawo wurinsa, jakar ce farkon abin da na sa a mota. Daga baya fatar jakar ta mutu, na je Ushafa, ƙauyen magina tukwane, da ƙafata na sa wata Bagwariya ta gina min tukunya mai murfi, na ce mata ta yi bakin da faɗi yadda hannu biyu zai shiga.

To bari in gaya muku halin wannan ƙidaya, don ƙidaya ma hali gare ta kamar mutum. Muna yara mukan dunƙule gyaɗa a hannu mu ce wa juna, cika ko mara? In an jera biyu-biyu ba wadda ta rasa abokiya, cika ce. In ɗaya ta tsaya ita kaɗai, mara ce. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a cikin ƙidaya akwai masu zumunci, akwai gwauraye. Sha biyu mai zumunci ce: mutum biyu su raba ta, uku su raba ta, huɗu, shida, kowa ya tashi da fara'a. Sittin ta fi ta ma. Amma bakwai fa? Sha ɗaya? Sha uku? Waɗannan uwata ke kira gwauraye, don ba sa cin tuwo da kowa. Ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutane daidai yawansu kowa ya ɗauki ɗaya. Ba wata hanya.

Ita kuwa tawa, dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu, a fuska sai ka ce mai zumunci ce, ga ta cika, ga ta da girma. Ashe zaɓen mutane gare ta. Mata biyu ta yarda da su. Huɗu ta yarda, kowace dubu da ɗari da sha ɗaya. Daga nan sai ta tsuke baki. Uku ku zauna, ta bar muku ɗaya a tsakiya. Biyar, shida, takwas, goma, sha biyu, duk waɗannan huɗu take barin musu a faifai suna kallon juna. Bakwai ta bar musu shida, don wulaƙanci. Ba ta sake sakin fuska sai mata sun kai sha ɗaya, a nan kowace ta ɗauki ɗari huɗu da huɗu, faifai ya yi fes. Sai ashirin da biyu, ɗari biyu da biyu. Sai arba'in da huɗu, ɗari da ɗaya. Dalili kuwa, gwauraye biyu ne ke zaune a cikinta, sha ɗaya da ɗari da ɗaya, huɗu ce kawai ta yi musu rumfa.

Saboda haka ne ban taɓa buƙatar dogon ƙirge ba. In ina son in san ko tukunya ta cika, sai in shimfiɗa tabarma in raba ƙwallayen gida huɗu, ɗai-ɗai, kamar rabon goro. In ba saura, sai in ɗauki gida guda in raba shi sha ɗaya. In nan ma ba saura, sai in ƙirga ƙaramin kashi guda. Na ga ɗari da ɗaya, shi ke nan, na san duk sauran haka suke, sai in tattara abina. Haka uwata ke yi, haka ni ma na yi ta yi shekaru.

Da muka fara a Dutse mu huɗu ne, matan direbobi da wata mai sayar da awara. Ranar Alhamis bayan la'asar muke zama a falona. Sannu a hankali labari ya bazu, matan 'yan kasuwar Kano da Zariya suka fara zuwa, da Nufawa, da wata Bayarabiyar Ilori mai sayar da manja da garin rogo a bakin titi, wadda kowa ke ce wa Alhaja. Ita Alhaja Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk kai ne a wurinta. Farkon zuwanta na ce mata kashin nan ɗari da ɗaya ne, ta ce ai ta sani, irin na carbi. Na ce a'a, na carbi ɗari ba ɗaya ne, wannan ɗari da ɗaya. Ta kalle ni ta ce Hausawa ba su da tausayi, harafi guda su cinye wa mutum salati biyu. Tun daga ranar muka ƙulla.

Da muka haura ashirin, yau sha tara, gobe ashirin da shida, rabo ya zama wahala. Sai na ce a bar rabo. A juye tukunya a babban tire a tsakiya, kowace ta ɗiba da hannu, in nata ya ƙare ta ƙara, har tire ya koma wayam. Ya fi sauri, mai saurin baki ta ɗauke wa mai nauyin baki. Illa dai tun daga lokacin ban sake zama na gwada tukunyar ba. Shekara bakwai ko fiye. Me zai sa in gwada? Duk zama ni ke juyewa, ni ke kwashewa, in kaɗe tabarma da hannuna, in duba ƙarƙashin kujera. Kuma na sha gaya musu, da murya ba ƙasa-ƙasa ba, cewa ƙwallayen nan sun girmi iyayen wasunsu, duk wadda ta yar min da ɗaya kada ta sake nufo ƙofata. Ana cewa ina da baki. Ban musa ba.

Ana nan sai wata malamar makaranta ta tare a layinmu, 'yar Zariya, ta yi ritaya daga koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata. Doguwa, mai tabarau, ba ta da hayaniya. Malama muke ce mata. Ta zauna da mu sau uku tana kallon yadda muke yi. A na huɗu, bayan an shafa fatiha ana shan kunu, ta fito da wani ɗan abu mai batir da ake ɗaurawa a yatsa, in ka latsa ya rubuta lamba. Ta ce ɗanta ya kawo mata su da yawa, in mata suna so a raba, kowace ta latsa nata, a ƙarshe a haɗa a waya, an huta da kwashe-kwashe. Na ce mun gode, muna da abin ƙirgenmu. Sai ta gyara tabarau ta tambaye ni, cikin ladabi kuwa, yaushe rabon da a ƙirga na tukunyar.

Mai awara ta sunkuyar da kai cikin kofinta.

Na ce, "Malama, tun kafin a yanke miki cibiya ƙwallayen nan suke a cike."

Ta ce, "Ban ƙi ba, Hajiya. Amma abu dubu huɗu yana yawo a hannun mata ashirin duk mako, ko kuɗin banki ne sai an sake ƙirgawa."

Da na yi shiru da ya wuce. Amma ina, bakin nan nawa ya riga ni. Na ce a zo ranar Asabar da hantsi a ƙirga a gaban kowa, ta hanyar da Malama ta ga dama. In an samu tukunya ba daidai ba, ko da ƙwaya ɗaya ce, sama ko ƙasa, na sauka daga riƙon salatin nan, a koma latse-latse. Na faɗa sau biyu don na bayan ƙofa su ji. Alhaja ta yi ta taɓa min ƙafa da yatsa, na ture ta. Na lura matan sun watse ranar ba surutu, ba kamar yadda suka saba ba, amma na ɗauka kunyar abin da aka yi min ce ta kama su.

Ba wai kujera ce ko rawani ba. Amma ni tsohuwa ce a garin da kowa ke da takarda. A asibiti sai an karanta min, a banki sai an nuna min inda zan dangwala. Wuri ɗaya ne a duk Abuja da masu digiri ke zama su jira in ce bismillah kafin su miƙa hannu, shi ne kan tabarmar nan. Ga shi na ɗora shi a kan ƙwallon tsamiya guda.

Washegari Juma'a, da surukata ta tafi kasuwa, na sa sakata a ƙofar gida, na fito da tabarma tsakar gida inda rana ke faɗowa. Na ce bari in ga abina tukuna. Na fara rabo gida huɗu. Wannan naka, wannan naka, wannan naka, wannan naka. Ban yi nisa ba na ga abin da ya tsayar min da hannu. Ƙwallayen uwata baƙaƙe ne sul, hannu ya shafe su shekara da shekaru har suna ƙyalli kamar idon zabo. Sai ga wata ja a tafina, sabuwa, kamar jiya aka tsotse ta. Bara aka cire min yanar ido, kuma falona duhu gare shi, in ana salati ma idona a rufe yake. Rabon da in kalli ƙwallayen nan ɗai-ɗai a cikin rana an daɗe. Na ci gaba. Ga wata. Ga wata kuma. Ina rabo ina lissafa jajayen a zuciya, har suka kai ashirin da uku.

Da na zo ƙarshe, gida huɗu suka samu daidai, ƙwaya ɗaya ta rage min a hannu.

Na zauna ina kallonta. Saura ɗaya a rabon huɗu magana biyu ce: ko ɗaya ce ta yi yawa, ko uku ne suka ɓace. Ba a ganewa da ido. Sai na jawo gida guda na raba shi sha ɗaya. Da uku ne suka ɓace, zagayen ƙarshe ba zai kai ba, kashi na sha ɗaya zai tashi hannu rabbana. Ya kai. Na ƙirga kashi guda, ɗari da ɗaya. Na ƙirga wani don kada in zalunci kaina, ɗari da ɗaya. Wato tukunyata dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da biyar ce. Ta zama mara. Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Ba zan ɓoye muku ba, tunda gaskiya na zauna faɗa. Na ɗauki ƙwayar nan na ƙulle a bakin zane. Wa ya gan ni? Kaji ne kawai a tsakar gidan. Gobe Malama ta ƙirga ta samu daidai, in miƙe in yi musu jawabi. Har na fara shirya jawabin. Na tattara sauran na mayar tukunya, na yi alwala na ta da sallar azahar. Raka'a huɗu ce, ni da nake riƙe da dubu huɗu, sai ga ni na kasa sanin ko a ta biyu nake ko ta uku. Ƙullin nan yana taɓa min cinya duk ruku'u. Da na sallame na ce, ke tsohuwa, abin salatin Annabi za ki yi wa sata don ki kunyata 'yar mutane? Na kwance na jefa ta cikin tukunya, na rufe, na je na ɗora ruwan tuwo ina ta tsaki ni kaɗai.

Asabar da hantsi falo bai ɗauke mu ba, sai tsakar gida. Har waɗanda suka daina zuwa sun zo kallo. Malama ta iso da littafi da biro, ta ce goma-goma za a jera, goma goma su zama ɗari, a rufe kowane ɗari da kofi. Na ce kafin a taɓa tukunya ina da magana. Na ce su jera yadda suke so, za su samu kofi arba'in da huɗu, da layin goma guda huɗu, sa'an nan biyar su rage, ba huɗu ba. Ɗaya ta yi yawa. Malama ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaya ko na kwana ina ƙirgawa ne. Na ce ni ban iya ƙirga dubu ba, rabo na iya.

Suka duƙufa, mata wajen goma sha biyar, aka aro kofuna daga maƙwabta. Ni ina gefe kan kujera 'yar tsugunno ina cin goro. Sun fi awa guda. Da aka zo ƙarshe, Malama da kanta ta tura na ƙarshen da bakin biro, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ta ajiye biron ta ce in nuna mata yadda na yi. Na nuna mata gida huɗu, da sha ɗaya, da ɗari da ɗaya, na gaya mata zancen gwauraye. Ta yi ta rubutu a littafinta tana murmushi. Ta ce abin da nake kira gwauro yana da suna a boko, ta faɗa da Turanci, ya shiga ta nan ya fita ta nan. Ta ce shekara talatin tana fama da yara su gane cewa kowace lamba da irin waɗannan aka gina ta, da ta san da tsamiya da ta huta. Ta kuma nuna min yadda ake rubuta ƙidayar tawa, ashe huɗu ce guda huɗu a jere, ka karanta ta gaba ka karanta ta baya duk ɗaya. Na ce ai na san ba banza ba take barin huɗu a faifai.

Daɗin wannan bai hana ni abin da ke raina ba. Na sa aka ɗage kofunan, na bi na tsince jajayen nan na jera su a faifai, ashirin da uku, na tura tsakiya. Na ce uwata ba ta bar min ja ba. Ina son in san wadda ta haifi waɗannan.

Suka shiga kallon juna. Can sai mai awara, wadda muka fara zaman nan tare, ta ɗaga yatsa kamar 'yar makaranta. Ta ce shekara biyar da suka wuce ta koma gida ta ga ƙwaya ɗaya ta maƙale a lanƙwasar zanenta, kafin ta ɗauka akuya ta riga ta. Kwana biyu ba ta yi barci ba don tsorona. Ta sayi tsamiya ta jiƙa, ta zo da ɗaya a kunci ranar Alhamis ta saka. Sai wata ta ce ita tata ta gangara magudanar ruwa. Wata ta ce jaririnta ne ya haɗiye, ta jira ta fito, da ta fito kuma ta ga ba ta cancanci komawa cikin salati ba. Nan fa dariya ta ɓalle. Hannuwa suka yi ta tashi, wata sau biyu, wata sau uku. Matar mai shagon atamfa ta ce ita kam ta ga tata ta faɗi ta nema ta rasa, ta kawo madadi, bayan mako biyu kuma ta ji surukata na cewa ta tsinci ɗaya a bayan kujera ta mayar tukunya. Ka ji inda ta biyar ɗin ta fito.

Ina zaune baki buɗe. Ni da nake cika baki cewa ban taɓa yar da ko ɗaya ba, ashe tukunyata yoyo take ta yi, mata na toshewa a ɓoye. Na ce to, ashirin da uku, Allah ya shirye ku. Sai Alhaja ta gyara ɗaurin kallabinta ta yi gyaran murya.

"Mama, kai bai ƙirga nawa ba."

Na ce nata wanne, ai jajayen ke nan.

"Ni ba wawa ba ne in kawo ja. Na soya shi cikin manja sai da ya yi baƙi. Guda shida. Ko kai ba zai gane shi ba."

Mai awara ta faɗi kan tabarma tana riƙe ciki. Malama ta cire tabarau tana share hawaye. Ni ma na so in ɗaure fuska, ta ƙi ɗauruwa.

Amma magana magana ce. Da dariya ta lafa na tattara ƙwallayen duka, ja da baƙi, na rufe tukunya, na ce na faɗa a gaban kowa, sama ko ƙasa, kuma ga shi an samu sama. Na sauka. Suka yi caa, wai laifinsu ne, Malama ma ta ce ita ba ta nemi haka ba. Na ce ba ita ta nema ba, ni na faɗa, kuma ban kai shekarun nan ina lashe abin da na tofar ba. Na kai tukunya ɗaki na tura ƙarƙashin gado. Zancen salatin da muka yi ta yi da ƙari kuwa, na aika aka tambayo limamin masallacinmu, ya ce a gaya min ba a taɓa kama mutum da laifin ya yi wa Annabi salati fiye da ƙima ba.

Alhamis ta gaba aka zauna a falona kamar kullum, kowace da abin latsawa a yatsa. Ni ma aka ɗaura min, na karɓa. Da tire, ido ke gaya maka an kusa. Da wannan kuwa ba mai sanin inda aka kwana sai an tsaya an bi kowa an tambaya, a haɗa a waya, a ce saura ɗari bakwai, a koma, a sake tsayawa. Ranar farko muka zarce da sittin da wani abu. Mako na biyu batirin wata ya mutu tana tsakiyar ɗari biyu, ta rantse ba ta tuna ko da tamanin ne ko da talatin. Mako na uku Alhaja ta zauna a kan nata, ya koma sifiri, aka kuma gano wata tana latsawa sau biyu in ta yi hamma. Magariba ta yi mana a zaune ba a san ko an cika ba. Ni dai ina latsa nawa a natse, ina kallon silin.

Ranar Laraba da safe sai ga Malama da Alhaja da mai awara sun yi sallama, da goro a leda. Malama ce ta yi magana. Ta ce ƙanwar mai awara aka sa wa ranar tiyata a asibiti, gobe za a yi mata salati, kuma ba mai son a yi shi da kila-wa-kala. Na ce ai ga na'ura. Ta ce, "Hajiya, kin gama horar da mu, a fito da tukunya." Na ce zan yi shawara. Alhaja ta ce in ban fito da ita ba za ta shiga ta ɗauko da kanta, ta san inda take. Na bar su suka roƙa sau biyu, don sau ɗaya bai isa ba, sa'an nan na gindaya sharaɗi: duk farkon wata za a raba gida huɗu da sha ɗaya a gaban kowa, Malama ta zauna kusa da ni ta koya da hannunta, kuma duk wadda ta yar da ƙwaya ta faɗa da baki, ba zan cinye ta ba. Mai awara ta ce wannan na ƙarshen sai sun gani.

Na jawo tukunyar, na buɗe. Saura aiki ɗaya, a cire wadda ta yi yawa. Malama ta miƙa hannu za ta ɗauki ja, na riƙe mata wuyan hannu. Na ce jajayen nan da tsoro da rashin barci aka kawo su, sun biya kuɗin zama. Baƙa zan cire, ta uwata, in ajiye a cikin akwatina inda ba akuyar da za ta kai gare ta. Na zura hannu har ƙasa, na zaɓo wadda ta fi kowace baƙi da sheƙi, na ɗaga ta a hasken taga ina yi wa tsohuwa addu'a.

Alhaja ta matso ta karɓa, ta juya ta, ta kai hanci ta sansana. Ta miƙo min abata ta ce in zaɓi wata.